Sharhi kan Kickstarter: ya iya tara kuɗin wasa, bai damu da wanda zai riƙe su ba

Kickstarter dandali ne na intanet da aka buɗe a Amurka a watan Afrilun 2009, inda mai wani aiki yake bayyana abin da yake son yi, ya faɗi kuɗin da yake bukata, jama'a su yi masa karo-karo. Sunansa yana yawan fitowa daga bakin matasanmu na Samaru masu karatun kwamfuta da zane a Jami'ar Ahmadu Bello, wasu suna mafarkin haɗa nasu wasan, wasu kuma suna sha'awar tallafa wa ƙananan kamfanonin da ba su da wani babban attajiri a bayansu. Saboda su na ga ya dace a duba wannan dandali da idon basira, musamman sashensa na wasannin kwamfuta.

Tsarin karɓar kuɗinsa yana da kyau ƙwarai, kuma ya cancanci yabo. Mai aiki yana sa wa'adin da bai wuce kwana 60 ba, kuma ba a cire ko sisi daga katin mai tallafi sai an cika adadin da aka nema. Idan an gaza, kowa ya riƙe kuɗinsa. Idan an yi nasara, dandalin yana ɗaukar la'adar kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki kashi 3 zuwa 5, sauran ya tafi hannun mai aiki gaba ɗaya a lokaci guda. Daga wannan mataki ne matsalar take farawa. A kasuwar shanu, dillalin da ya karɓi la'ada yakan tsaya wa cinikin, domin ya san mai saye ya san mai sayarwa, kuma sunansa ne zai ɓaci idan aka ci amana. Kickstarter yana karɓar la'adarsa ne ya janye hannu, har ma ya rubuta ƙarara a ƙa'idojinsa cewa yarjejeniyar tsakanin mai aiki ce da masu tallafa masa, shi ba ya ciki.

Wanda yake son ganin abin da wannan janyewa take haifarwa ya dubi labarin wasan Yogventures. A shekarar 2012 wani ƙaramin kamfani mai suna Winterkewl Games, wanda bai taɓa fitar da wasa ba, ya haɗa kai da Yogscast, wato gungun masu shirye-shirye a YouTube daga Ingila, aka nemi dala 250,000, aka samu sama da dala 567,000 daga mutane fiye da 13,000. A watan Yulin 2014 aka sanar cewa wasan ba zai fito ba. Bayanin da shugaban kamfanin ya rubuta wa masu tallafi ya kamata duk ɗalibin da ke shirin kafa kamfani da abokansa ya karanta shi. A cewarsa, an biya wani mai zane dala 35,000 a dunƙule tun farkon aiki, bayan kimanin mako biyu sai ya samu aiki a kamfanin LucasArts ya tafi, kuma da aka koma ga takardar yarjejeniya sai aka tarar babu inda aka rubuta yadda za a dawo da kuɗin idan mutum ya bar aiki. Wannan ya zubar da yarda tsakanin ɓangarorin biyu, aka mayar da dala 150,000 hannun Yogscast domin yin kyaututtukan da aka yi alkawari da kuma ɗaukar babban mai rubuta manhaja, wanda shugaban ya ce ba a taɓa ɗauka ba. Abin da ya fi damuna shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan raunuka da mai tallafi zai iya hangowa a shafin neman kuɗin. Shafin yana nuna bidiyo mai ƙayatarwa da zane-zane da jerin kyaututtuka, amma ba ya tilasta wa kowa ya faɗi wane ne ke riƙe da asusu, wane ne zai yi aikin cikakken lokaci, wane ne kuma yake yinsa da dare bayan ya taso daga wani wurin aiki, balle a san abin da aka rubuta tsakaninsu.

Irin haka ta faru da wani wasa mai suna Haunts a shekarar 2012, wanda ya tara kusan dala 29,000, sannan masu rubuta manhajarsa biyu suka kama wasu ayyukan, ɗaya ya koma Google, aka bar aikin ba mai ƙarasa shi.

Rauni na biyu ya fi na farko zama laifin tsarin dandalin kansa, domin babu iyaka ga kuɗin da za a iya tarawa, kuma al'ada ta kafu cewa duk lokacin da kuɗi suka haura wani mataki sai a ƙara sabon alkawari. Keiji Inafune, wanda ya yi suna da wasannin Mega Man a Japan, ya nemi dala 900,000 a 2013 domin Mighty No. 9, ya samu sama da dala miliyan 3.8 daga mutane kimanin 67,000. Cikin zumuɗin tara kuɗin aka yi alkawarin fitar da wasan a kan na'urori kusan goma, har da tsarin buga shi da abokai ta intanet, kuma wannan tsari na cikin abin da aka ɗora wa alhakin jinkirin da ya kai wasan daga Afrilun 2015 zuwa Yunin 2016. Na ƙananan na'urorin wasa na hannu, 3DS da Vita, ba su taɓa fitowa ba. A tsakiyar wannan jinkiri ne kamfanin Inafune ya sake buɗe wani neman kuɗin a 2015 domin wasan Red Ash, dandalin bai hana shi ba, jama'a ne suka hana ta hanyar ƙin cika adadin. Ko Tim Schafer na kamfanin Double Fine, wanda ya nemi dala 400,000 a 2012 ya samu miliyan 3.3, ya amsa da bakinsa cewa ya tsara wasan da ya fi ƙarfin kuɗin, dole aka raba wasan, mai suna Broken Age, gida biyu, kashi na farko a 2014, na biyu a 2015. Shi dai ya cika alkawari, kuma bai ɓoye wa masu tallafi halin da ake ciki ba.

Ba za a ce Kickstarter bai yi komai ba. A 2012 ya fito ya ce shi ba kanti ba ne, ya kuma wajabta wa masu neman kuɗi su rubuta haɗurran da aikinsu zai iya fuskanta. A 2014 ya gyara ƙa'idojinsa, ya ce wanda ya gaza dole ya yi bayanin inda kuɗi suka tafi, ya mayar da abin da ya saura. Sai dai sashen haɗurran mai neman kuɗin ne yake rubuta shi da kansa, ba mai bincika gaskiyarsa, ƙa'idar mayar da kuɗi kuwa ba ta da amfani idan asusu ya riga ya bushe. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania ya yi a 2015 ya nuna kashi 9 cikin ɗari na ayyukan da aka tara wa kuɗi ba su cika alkawarinsu ba. Adadin bai kai yadda ake zuzutawa ba, amma ya haɗa kowane irin aiki ne, ba wasanni kaɗai ba, kuma wasan kwamfuta yana cikin ayyukan da suka fi wuyar ƙiyasta lokaci da kuɗi.

Inda dandalin ya fi amfani shi ne wajen ƙananan ƙungiyoyin da suka san junansu kuma suka san aikinsu. Masu wasan Shovel Knight sun taɓa aiki tare a wani kamfani kafin su ware. Sun nemi dala 75,000 a 2013, suka samu sama da 311,000, duk da haka sai da suka yi wata biyar ba albashi kafin wasan ya fito a 2014, ƙarin alkawuran da suka ɗauka kuma ba su gama cika su ba sai 2019. Hollow Knight, wanda 'yan tsirarun mutane suka yi a birnin Adelaide na Ostareliya, ya tara kimanin dalar ƙasar 57,000 ne kawai, ya fito a 2017, ya shahara a duniya.

Ga mazaunin Zariya, hukuncina shi ne a yi amfani da dandalin amma da sharaɗi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe neman kuɗi daga cikinsu, saboda haka matashin da ke son tara kuɗin wasansa sai ya bi ta abokin hulɗa a waje, wanda hakan ke nufin asusun yana hannun wani, kuma a nan rubutacciyar yarjejeniya ta zama wajibi tun kafin a nuna wa duniya zane ko ɗaya. Mai son tallafawa kuma ya tuna da kuɗin waje za a cire masa, bisa canjin ranar da wa'adi ya cika, wanda zai iya bambanta da na ranar da ya yi alkawari. Ya zaɓi kyautar da ake saukewa ta intanet, ya bar riga da akwati waɗanda kuɗin aikowa da na kwastam za su iya ninka farashinsu. Ya nemi samfurin da zai iya bugawa da hannunsa, ya duba ko an ambaci sunayen masu rubuta manhajar da abin da suka taɓa kammalawa, ya kuma lura da yawan na'urorin da aka yi alkawari. Idan ya ga ana ƙara alkawura kullum alhali ba a ƙara ma'aikata ba, ya jira wasan ya fito ya saya a Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta na intanet, inda za a iya mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai buga shi fiye da awa 2 ba.