Ƙunshin haɗa giyar saison mai yawan hofs: kayan sun yi, takardar ce matsala

Sau biyu na sayi wannan ƙunshi na haɗa saison, wata irin giya ta ƙasar Beljiyam, kafin na yarda in ce komai a kansa, domin dahuwa ɗaya ba ta isa a yanke wa kaya hukunci ba. Na lita 20 ne. A cikin kwalin akwai tsiron sha'ir irin na Pilsner kilo 4 da aka riga aka ɓarza, tsiron alkama rabin kilo, furen hofs (wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi) iri biyu a ledar da aka zuƙe wa iska, Saaz giram 50 da Citra giram 100, sai ɗan fakitin busasshen yis da takardar bayani mai shafi biyu.

Tsiron ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. An ɓarza shi daidai, ƙwayar ta fashe amma ɓawon bai zama gari ba, shi ya sa tacewa ba ta ba ni wahala ba. Na jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 64 na minti 75, domin a wannan zafin ne ake samun sukarin da yis ke iya cinyewa tas. Na tafasa ruwan minti 90 don korar warin dafaffiyar masara da tsiron Pilsner kan bari. Ma'aunin kauri, wanda ke nuna yawan sukarin da ke cikin ruwan, ya nuna 1.050 a duka karo biyun.

Yis ɗin shi ne dalilin da zan sake sayen ƙunshin. Na zuba shi a digiri 20, na bar zafin ya hau a hankali zuwa 27 cikin kwana biyar. Tun rana ta uku ɗakin ya ɗauki ƙamshin masoro da ɓawon lemo, alhali ban sa ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan ƙamshin nake nema tun ranar da na fara ɗanɗana Saison Dupont, wadda ake yi a ƙauyen Tourpes na ƙasar Beljiyam. Asalin giyar saison ma ta gonakin yankin Waloniya ce, ana dafa ta lokacin sanyi a ajiye wa ma'aikatan gona su sha lokacin zafi, don haka dole ta zama marar zaƙi, mai kashe ƙishi, wadda ba ta yi wa baki nauyi.

To, a nan ne takardar ta ɓata mini rai, kuma har yanzu ban huce ba. Ta ce a zuba a kwalba rana ta goma. Wanda ya rubuta haka bai yi la'akari da irin yis ɗin da ya sa a kwalin ba. Jinsin diastaticus ne, yana fitar da sinadarin da ke farfasa dogon sukarin da sauran yis ke bari, sai ya ci gaba da ci a hankali bayan kumfa ta kwanta, mutum yana zaton aiki ya ƙare. A karon farko na bi takardar. Ma'auni yana 1.008, na ƙara sukari na rufe kwalabe. A mako na uku kwalabe biyu suka fashe a cikin kabad, gilashi ya watsu har bakin ƙofa. Da akwai mutum a tsaye a wurin, da labarin ya sha bamban. A karo na biyu na jira, sai ga shi a rana ta 21 ya sauka zuwa 1.002, ya tsaya nan kwana uku bai motsa ba. Waɗannan maki shida da suka rage sun isa su ninka iskar da ke cikin kwalba. Layi ɗaya na gargaɗi ya isa ya hana wannan, amma babu shi. Takardar ba ta kuma ce a nemi kwalabe masu kauri ba, ba ta ce a ware wa wannan yis tiyonsa da bokitinsa na roba ba, alhali ɗan abin da ya maƙale a ciki zai iya lalata giyar da za a dafa gaba.

Batun hofs kuwa ra'ayi ne, ga nawa. Saaz ɗin ya yi daidai a tafasa, ɗacinsa mai laushi ne. Amma Citra giram 100 ya yi yawa. Da na zuba duka, ƙamshin mangwaro da lemo ya danne masoron gaba ɗaya, abin ya koma kamar IPA ta Amurka, giyar da hofs ya yi wa yawa, ga wani bauri a ƙarshen harshe, domin giyar da ba ta da ragowar zaƙi ba ta ɓoye ɗaci. A karo na biyu na sa giram 30 bayan na kashe wuta, giram 30 kuma a cikin bokiti kwana uku kafin zubawa a kwalba. Nan ne hofs da yis suka zauna lafiya: hanci ya fara jin 'ya'yan itace, baki ya ƙare da yaji.

Giyar ta fito ruwan zinariya mai ɗan hazo saboda alkamar, kumfa fara mai tsayi wadda ke manne wa kofi har ƙasa, ƙarfinta kusan kashi 6.3 cikin ɗari. Na sa sukari giram 8 a kowace lita, na bar kwalaben mako huɗu, kuma na lura ta wata biyu ta fi ta wata ɗaya daɗi.

Wanda ya taɓa dafawa, yana da ma'aunin kauri kuma ya saba dogara da shi, ya saya ba tare da shakka ba. Wanda wannan ce tukunyarsa ta farko, kada ya fara da wannan ƙunshin sai da wanda ya san aikin a gefensa. Ragowar Citra giram 40 ɗin yana cikin firiza, na ajiye shi don wata giyar daban.