Ƙaramar Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi Don Filin Tsere: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

A Ingila, Jamus da Amurka akwai ranakun da ake buɗe filayen tseren mota ga masu tuƙin sha'awa. Ka biya kuɗin shiga, ka zo da motarka, ka yi ta zagaye tun safe har la'asar. Ba kofi, ba kyauta, ba a ma cewa wane ne ya zo na ɗaya. Brands Hatch a Ingila da Laguna Seca a Kalifoniya duk suna ware irin waɗannan ranaku. Wanda abin ya shiga ransa, galibi idonsa kan faɗa kan ƙananan motocin nan masu kujera biyu da ake naɗe rufinsu.

Kafin mu zo kan sunaye, ga abin da ke korar mutane tun daga bakin ƙofa. Mota mai rufin yadi da ba ta da ƙarfen kariya idan ta kife, kusan babu komai tsakanin kanka da kwalta. Shi ya sa masu shirya waɗannan ranaku da yawa, musamman a Amurka, ba sa barin ta shiga sai da ƙarfen kariya a bayan kujeru. Za a zaunar da kai da hular kwano a ka, wani ya ɗauko doguwar sanda, ya ɗora bakinta ɗaya a saman gilashin gaba, ɗayan a kan ƙarfen. Hularka ta taɓa sandar, to yau kallo ne ya kawo ka. Idan kai dogo ne, ka je ganin mota da hularka a hannu, ka zauna ciki kafin a fara ciniki.

Ni dai idan aka tambaye ni, Mazda MX-5 nake cewa, wadda Amurkawa ke kira Miata. An fito da ita a 1989, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Wannan yawan shi ne sirrinta: kayan gyara ko'ina, bakanike ya san ta ciki da waje, masu ƙera mata ƙarfen kariya kuwa ba sa ƙirguwa. Samfurin farko bai kai tan ɗaya ba, injinsa mai lita 1.6 yana ba da ƙarfin doki wajen 115. A miƙaƙƙiyar hanya kowa zai wuce ka, har da mai motar kai yara makaranta. Amma da an zo kwana sai labari ya sha bamban. Ba ta da ƙarfin da zai rufa maka asiri, don haka dole ka koyi inda ake taka birki da inda ake sakinsa. Idan bayanta zai zame, tana sanar da kai ta sitiyari da kujera tun da sauran lokaci. Rashin nauyin nan kuma yana nufin taya da birki suna daɗewa, ga tayoyin ƙanana, masu araha.

Samfuri na uku, na 2005 zuwa 2015, masoyanta na yi masa gorin ƙiba, amma ana samunsa da inji mai lita 2, ciki ya fi faɗi, kuma sau da yawa shi ne ciniki mafi kyau. Na huɗu ya fi duka daɗi, musamman daga na 2019 da aka ƙara wa injin ƙarfi zuwa doki 181, sai dai ka tambayi kanka ko zuciyarka za ta ɗauki ganinsa jingine da bangon tayoyi. Inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ruwanta da abin da ya faru a filin tsere.

Honda S2000 ita ce ke hana mutane barci. An yi ta daga 1999 zuwa 2009, injin farko mai lita 2 yana ba da doki 240, yana juyi har 9,000 a minti ɗaya, giyarta kuwa shiga take kamar an shafa mata man shanu. Amma ƙarfin nata yana can sama, sai allurar juyin inji ta kusa 6,000 take farkawa, kuma samfurin farko ya yi suna wajen juya baya ba sallama idan ka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana. Ga shi farashinta ya tashi, masu ita lallaɓa ta suke kamar amarya. Mota ce ta biyu, ba ta koyo ba.

Porsche Boxster ta farko, wadda ta fito a 1996, araharta na yaudara. Injin yana tsakiya, bayan kujeru, saboda haka zamanta a kwana ya fi na duk waɗanda na ambata. Amma araha ba ta ado. Akwai wani boris a cikin injin da ake kira IMS, wanda idan ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya, kuma a doguwar kwana baƙin mai kan taru gefe guda ya bar wasu sassa da ƙishi. Sai a samfurin 2009 aka kawo injin da ba shi da wannan boris. Komai nata kuma da farashin Porsche ake sayarwa, ko da ita motar da kuɗin tsohuwar Corolla ka same ta.

BMW Z3 da Z4 sun fi dacewa da doguwar tafiya, kuma robobin da ke kewaye da lagireto kan fashe idan sun tsufa. Toyota MR2 Spyder ba ta da nauyi, tana da daɗin tuƙi, amma da ƙyar za ka sami wurin ajiye jaka, balle tayar safaya ta biyu.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka ƙarar da kuɗinka a wurin saye. Ka ware na ƙarfen kariya, hular kwano, kayan birki masu jure zafi, da sabon man birki, domin tsohon mai yakan sha danshi, ya tafasa bayan 'yan zagaye, ka taka feda ta tafi ƙasa salin alin. Maganar ƙara wa inji ƙarfi kuwa a bar ta tukuna.

Idan tsohuwar MX-5 ce, musamman wadda ta zauna inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, babban abokin gabarta tsatsa ne. Ka je da tocila da sukundireba, ka durƙusa ka duba ƙasan ƙofa, dab da tayar baya. Inda ka ga fenti ya yi ƙuraje, danna. Idan ƙarfen ya lotsa, ka yi wa mai ita godiya ka kama hanya.