Hutun Kirsimeti ko dogon hutu: wanne ya fi daɗin fita da ƙananan yara a Katsina da Daura?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kuna zaune a Legas da yara uku, mai shekara bakwai, mai huɗu, da na goye ɗan shekara ɗaya da rabi, kuma maigida sau ɗaya yake samun hutu a shekara. Kina son ki kawo su gida Daura su ga dangi, ki kuma zaga da su Katsina, amma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin hutun Kirsimeti da dogon hutun ƙarshen shekarar karatu. Ni a Katsina nake aure, iyayena kuma suna Daura, na yi wannan zirga-zirgar da yara a duka lokutan biyu. In dai fita kike so ku yi, kuma ga na goye a bayanki, ki zo a Disamba. Amma damina ma tana da abin da Disamba ba za ta ba ki ba, zan zo kansa.

Mu fara gyara wani abu. Ɗokin da Turawa ke yi wa watannin Yuli da Agusta, ɗokin rana ne bayan sun sha dogon sanyi. A wajenmu watannin nan tsakiyar damina ne, Agusta kuwa shi ne watan marka. Don haka abin da kike aunawa shi ne hunturu da damina, hazo da laka, mura da zazzaɓin cizon sauro. Bazararmu ta gaskiya, wato Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta cikin lissafin fita da yaro ƙarami.

Babban abin da Disamba ta fi damina da shi, za ki iya sa rana kuma ranar ta tabbata. Kin ce Talata za ku rijiyar Kusugu, to Talata za ku, babu hadarin da zai taso ya rushe shirin. Hanya a bushe take har cikin ƙauye. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi wajen kilomita 80 ne, in kun tashi da hantsi kun isa kafin azahar ba tare da yaran sun galabaita ba. A damina kuwa kwalta lafiya lau, matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Wata shekara cikin Agusta mun tafi gaida kakarsu a wani ƙauye bayan Daura. Da safe gari garau, har da rana. Bayan la'asar muna sallama sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa karan gero. Kafin mu kai titi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, wani ɗan kwari da muka tsallaka a bushe da safe ya zama rafi. Motar ta kafe a laka, autana tana da wata tara tana ta tsala kuka, gilashi a rufe, zufa na karyo mana. Wasu bayin Allah da suka fake a bukkar gona ne suka fito da fartanyoyinsu suka haƙa, suka zuba kara a ƙarƙashin taya, suka tura mu. Sai bayan isha'i muka shiga gida. Allah ya saka musu da alheri.

Amma kada ki ɗauka Disamba ranar duka taki ce. Awannin fita kaɗan ne. Da asuba sanyin jaura yana ratsa ƙashi, yaran Legas ba su san irinsa ba. Kada ki fito da su sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe goma. Magariba kuma tana yi da wuri, shida da 'yan mintuna, alhali a Agusta sai bakwai saura. Kenan daga goma zuwa la'asar sakaliya ke gare ki, waje ɗaya ko biyu a rana sun isa. Ki sa musu kaya hawa-hawa, rigar sanyi a sama da za a iya cirewa, don da azahar rana tana da ɗan zafinta, yaro ya yi gumi a cikin suwaita iska ta buge shi, nan mura ke shiga. Hula da safa ga na goye. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa da gwiwar hannu safe da yamma, in ba haka ba kwana uku leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Wasu yaran har haɓo suke yi saboda bushewar hanci. Kuma ki riƙa tura musu ruwa ko ba su nema ba, don a sanyi yaro ba ya jin ƙishi alhali iskar tana tsotse shi.

Ranar da hazo ya sauka sosai, har ba kya hango ƙarshen layi, ku zauna a gida. Ƙurar nan daga hamada take zuwa, laushi gare ta kamar gari, tana shiga ƙirji. In akwai mai asma a cikin yaranki, to wannan kaɗai ya isa ya juya shawarata, ki tambayi likitansa kafin ki yanke. Takunkumi zai yi wa mai shekara bakwai da mai huɗu, amma ba a sa wa ɗan ƙasa da shekara biyu. Hazon nan yakan hana jirgi sauka ma, don haka in ta filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa za ku zo, ki bar tazarar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar komawa makaranta. Abu ɗaya da nake roƙon ki: duk sanyin da ake yi, kada a bar kaskon gawayi a ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Hayaƙinsa ba ya wari, kuma yana kashewa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, sannan a shigo da yara.

Yanzu ki ajiye wannan a gefe ki dubi na damina. Mura da tsagewar leɓe wahala ce, amma zazzaɓin cizon sauro a jikin ɗan shekara ɗaya da rabi wani abu ne daban, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ne yake tashe a nan. Shi ya sa a watannin damina ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafinsa, kwana uku a jere kowane wata. In kun zo a lokacin ki karɓa wa na goye da mai huɗu, kuma ki zo da gidan sauronki, kada ki dogara da na gidan da za ku sauka. Ciwon yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, wato mai yiwuwa sai kun koma Legas jiki zai yi zafi. A yi gwaji a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ga amai da gudawa da ke yawaita in ruwa ya wanko ƙazanta cikin rijiyoyi. Ga kududdufai, waɗanda su ne suka fi tayar min da hankali. Duk ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari yana cika fal, yaran unguwa suna wanka a ciki, naki mai shekara bakwai zai so ya bi su. Bakin ramin santsi gare shi, zurfinsa ba a gani, ko an tsira daga nutsewa akwai tsargiya. A Disamba sauro ya yi sauƙi ƙwarai, yawancin ramukan sun ja baya. Sai dai ki duba katin rigakafinsu kafin ku taso, don ƙyanda da sanƙarau cututtukan rani ne.

Wuraren da za ku je ma sun fi karɓar baƙo a rani. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an kewaye ta da gini, ko yaushe ana zuwa. Amma daɗinta shi ne a tafi da tsohuwa, a tsaya a nutse ta ba su labarin macijin da ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya sare kansa da dare, da Sarauniya Daurama. Lokacin da na kai tawa tana da shekara biyar, ta riƙe zanen kakarta gam, ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Hajiya, to in na sha ruwan zai biyo ni?" Kakar ta ce mata ai tun kafin a haifi kakan kakanta aka kashe shi. Sai da ta ga an jawo guga, kakar ta wanke fuska da ruwan, sannan ta miƙa hannunta. Har yau in an ce Daura, rijiyar take fara ambata. Ki riƙe hannun mai huɗu da kyau a wajen, na goye kuma ya zauna a baya.

A Katsina ki kai su Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, wanda ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Matakalarta ƙunci gare ta, babban kaɗai zai hau tare da babansa, in masu kula da wajen sun ba da izini. Daga nan sai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu ta zama gidan tarihi. Ku biyo ta Ƙofar Soro su ga fada, ku zaga su ƙirga ƙofofin gari, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga. Kada ki sa ranar gidan tarihi a 25 ko 26 ga Disamba ko 1 ga Janairu, ranakun hutun gwamnati ne. In Lahadi ta same ku a Daura, kasuwar Mai'aduwa tana ci, yara za su ga raƙuma da shanu ido da ido, sai dai ƙura ce da turmutsitsi, babban da babansa su je, ke ki zauna da ƙananan. Madatsun ruwa irin su Zoɓe da na Jibiya kuwa, ban ba ki shawarar zuwa da yara ba a kowane lokaci. Duk hanyar da ta fita daga babban titi ki tambayi mutanen gida halin tsaronta a makon da za ku bi, kuma kada magariba ta same ku a hanya.

Kuɗin mota da na jirgi suna tashi a makon Kirsimeti, hanya kuma tana cika. In kuna iyawa ku taso da zarar an ba da hutu.

To me damina ta fi da shi? Tsawo, da farko. Hutun Disamba mako biyu zuwa uku ne, kafin yaro ya saki jiki da dangi an fara haɗa kaya. Dogon hutu kuwa ya kai wata ɗaya da rabi, a nan ne yaron Legas ke dawowa da Hausa a bakinsa. Sannan ƙasar kanta. Wanda bai ga Daura a Agusta ba bai san tana da kore ba: gero ya fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa, iska wankakkiya babu ƙura ko kaɗan. Yaro zai bi kawunsa gona da safe, ya ga shanun huɗa, ya karyo masara da hannunsa a gasa masa, ya ci yalo da kwaɗon rama da tafasa. A Disamba gonakin nan kara ne kawai da ƙasa ja, ko da yake akwai rake da magarya da goruba da dankali, kuma rumbu a cike yake. Wannan maganar rumbun ki riƙe ta. Agusta lokacin ƙarancin abinci ne a ƙauye, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi yana sama. Ba wanda zai faɗa miki, za a yanka muku kaza a yi ta murna, amma baƙi biyar na wata guda nauyi ne. In damina kika zaɓa, buhun shinkafa da mai da sukari su riga ku shiga gidan.

Akwai kuma Sallar Gani. Da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, hawan Ƙaramar Salla da Babba ba sa faɗowa cikin ko ɗaya daga hutun biyu a 'yan shekarun nan. Amma Gani da lokacin Mauludi take tafiya, 12 ga Rabi'ul Awwal kuwa ta zo a farkon Satumba a 2025, kuma tana ƙara shigowa cikin Agusta. Ke 'yar Daura ce, kin san yadda garin ke cika da dawakai da 'yan uwa daga ko'ina a Gani. Mai shekara bakwai zai ji daɗinsa matuƙa. Na goye kuwa ba abin da zai samu sai firgitar ƙarar bindiga da cunkoso.

Shi ya sa ni ƙaramin nake dubawa in zan zaɓa. A bana, da ɗan shekara ɗaya da rabi, ku zo Disamba ku yi kwana goma zuwa sha biyu: kwana biyun farko a gida jikinsu ya saba da iskar, rana ɗaya Kusugu da fadar Daura, rana ɗaya Katsina, sauran a zaga dangi da hantsi a dawo kafin magariba. In autan ya kai shekara huɗu ko biyar, sai ki kawo su dogon hutu ki bar su su zauna wajen kakarsu, da gidan sauro da takalmin roba, kuma da sharaɗin babu mai zuwa bakin kududdufi. In kun sa ranar tasowa ki sanar da ni, zan aika miki da man kaɗanya mai kyau gidan Hajiya kafin ku iso.