Process Explorer da ShellExView: yadda suka nuna mini mai cinye furosesa a cikin Explorer

Matsalar da ta sa na nemi waɗannan manhajoji biyu ba ta kashe kwamfuta, sai dai ta hana mutum sakat. Ana cikin aiki sai fanka ta tashi da ƙara, ƙasan laftof ya ɗau zafi, folda ta ƙi buɗewa da wuri. In ka danna Ctrl, Shift da Esc ka buɗe Task Manager, Windows Explorer ne a saman jeri yana riƙe da kashi 25 na furosesa. Bayan ɗan lokaci ya sauka kamar ba a yi ba, can kuma ya dawo. Ga wanda ke aiki da batir idan an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin cajin da ya kamata ya kai ka la'asar kafin azahar ya ƙare.

Na yi abubuwan da aka saba ba da shawara. Na sake tayar da Explorer daga Task Manager, na share ajiyar ƙananan hotunan fayiloli da Disk Cleanup, na duba ƙwayar cuta ban sami komai ba. Kowanne ya ba da sauƙi na ɗan lokaci ko bai ba da ba sam. Wani mai gyara da na nuna wa ya ce, "Yallaɓai, sai dai a yi mata fomatin." Ban yarda ba, kuma har yanzu ina ganin wannan amsa tana jawo wa mutane hasarar fayiloli da kuɗi a kan abin da ba a ma gano ba. In aka goge komai aka sake loda manhajojin da ke ciki tun farko, ai mai laifin ma an dawo da shi.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne explorer.exe ba shi kaɗai yake aiki ba. Shi ne ke riƙe da tebur, da sandar ƙasa, da tagogin folda, kuma manhajoji da yawa suna maƙala masa ƙananan fayilolin DLL nasu: mai matse fayil ya ƙara layinsa a jerin da ke fitowa in ka danna dama, mai ajiya a intanet ya ɗora 'yar alama a kan kowane fayil, mai kashe ƙwayar cuta shi ma ya sa nasa. Kamar gidan haya ne mai mita ɗaya, takardar kuɗin wuta da sunan mai gida take zuwa ko da wani ɗan haya ne ya bar hita a kunne. Task Manager sunan mai gidan kawai yake nuna maka.

A nan Process Explorer ya yi mini rana. Yana cikin kayan Sysinternals da Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka kafa a 1996, Microsoft ya saye su a 2006, kuma kyauta ne. Ba a girka shi, fayil ne na 'yan megabait da za ka sauke ka buɗe, zai ma iya zama a filashi. Sai dai a buɗe shi da izinin administireta, in ba haka ba wasu bayanan ba za su fito ba.

Abu na farko da ya burge ni shi ne zanen tarihin furosesa. Matsala mai zuwa tana tafiya wahalarta ita ce kafin ka duba ta wuce. A nan kuwa in ka kai linzami kan tsinin da ya tashi a zanen, zai gaya maka manhajar da ta fi ci a daidai wannan lokacin. Da haka na tabbatar Explorer ne kullum, ba SearchIndexer mai tsara bincike ba, ba kuma dllhost.exe ba, wanda shi ne yawanci ke ɗaukar aikin ciro ƙananan hotunan bidiyo da hotuna. Wannan bambanci yana da muhimmanci. Da dllhost ne, da hankalina ya koma kan wani bidiyo da ya lalace a Downloads.

Amma inda ya fi ƙarfi shi ne shafin Threads. Ka danna explorer.exe sau biyu, ka shiga wannan shafi, za ka ga zarurrukan aikin da ke gudana a cikinsa, kowane da abin da yake ci. Laftof ɗina furosesa huɗu Windows ke ƙirga mata, saboda haka kashi 25 da ba ya motsi yana nufin zare ɗaya ne ya maƙale yana cinye kasonsa gaba ɗaya. Haka kuwa na gani. Sunan da ke gaban zaren na wani fayil ɗin Windows ne, wanda zai iya sa mutum ya zargi wanda ba shi da laifi. Sai da na danna Stack na ga jerin kiraye-kirayen da zaren ke ciki, a tsakiyarsu ga wani DLL da ba na Microsoft ba. Na jira ta sake tashi, na sake dubawa, shi ɗin ne dai. Na wata manhajar ajiyar fayiloli a intanet ce da na tarar a cikin laftof ɗin tun lokacin da na saye ta ta hannu. Ita ce mai ɗora alamar kore a kan fayil, kuma irin wannan maƙale Explorer na tambayarsa game da kowane fayil da zai nuna. A foldar da hotuna suka yi yawa, tambayar ba ta ƙarewa da wuri.

Zan faɗi inda Process Explorer ke da nauyi. Ranar farko da ka buɗe shi launuka da ginshiƙan lambobi za su iya ruɗa ka, kuma komai da Turancin masu fasaha yake. In kana son ganin cikakkun sunayen ayyukan da ke cikin Stack sai ka saita Symbols, wanda ke sauko da ƙarin fayiloli yana cin data. Ni ban buƙace su ba, sunan DLL ɗin ya ishe ni. Akwai kuma maɓallin Kill a shafin Threads, kusa da hannu ƙwarai. Kada a taɓa shi. Kashe zare a tsakiyar aiki na iya daskarar da tebur gaba ɗaya, kuma ba ya magance komai.

Process Explorer ya nuna mai laifi, amma ba shi da wurin cire maƙalen. Wannan aikin ShellExView ne, ƙaramar manhajar NirSoft ta Nir Sofer, ita ma kyauta ba girkawa. Fuskarta tsohuwar yayi ce, jeri ne kawai mai tsawo, amma ta san aikinta. Maƙalen da ba na Microsoft ba tana nuna su da launin hoda, kuma a Options akwai zaɓin ɓoye na Microsoft duka. Da na ɓoye su jerin ya dawo gajere. Na nemo sunan fayil ɗin, nau'insa Icon Overlay Handler, na danna F7 na kashe shi, na sake tayar da Explorer. F8 ke dawo da shi in mutum ya canza shawara, kuma wannan ne ya sa na amince da ita: ba ta goge komai. A kula a sauke mai 64-bit in Windows ɗin 64-bit ne, domin ita ce za ta nuna maƙalen da Explorer ɗin ke lodawa.

Wanda Stack ya fi ƙarfinsa zai iya tsallake Process Explorer ya yi da ShellExView kaɗai. Ya kashe rabin masu launin hoda, ya yi aikinsa na yau da kullum ya gani. In matsalar ta tafi, mai laifi na cikin waɗanda aka kashe, sai a dawo da rabinsu a sake gwadawa har a rage saura ɗaya. Hanya ce mai cin lokaci idan tashin ba ya zuwa akai-akai, shi ya sa na fi son a haɗa su biyun.

Tun da na kashe wannan maƙale Explorer ba ya wuce ɗan abin da ba a rasa ba idan ba a taɓa shi, foldar hotuna tana buɗewa nan take, fanka kuma sai ina haɗa bidiyo take tashi. Abin da na rasa shi ne alamar koren nan a kan fayiloli. Yanzu in ina son sanin ko fayil ya hau intanet sai na buɗe manhajar ajiyar da kanta na duba.