Shagon littattafan bakin tasha, abin da na gani

Jama'a duk mai ɗan sakandare a ƙauyukan nan na wajen Ringim ya leƙa shagon littattafan nan na bakin tasha, wallahi yaron da ke da shagon yana ƙoƙari. Akwai fas kwescin na WAEC da NECO na Hausa da tarihi, kuma abin da ya fi burge ni shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, za ka sayi littafin sannan ya tura maka fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 cikin memori, ƙanwata da ta kalla sai ga ta tana ba mu labarin cinikin bayi da ratsa Sahara kamar da ita aka yi tafiyar, ita da ba ta son karatu sam.

Ɓangaren tarihi kam da saura. Jihadin 1804 da shigowar Turawa Kano a 1903 duk akwai, amma yaƙin Haɗeja na 1906 da ke nan ƙofar gidanmu layi biyu kacal, haba. Fotokwafin ma wani shafin ya dushe, ka duba sosai kafin ka biya. Yana yi wa ɗalibai ragi, in ba wuta kuma sai ka dawo da yamma ya ta da janareta.