Dashen jijiya don ido ya sake ƙiftawa: abin da muka gani a wani asibiti a Alƙahira

Ƙanwata ta tashi lafiya daga tiyatar cire ƙari a jijiyar kunnenta na dama, amma ɓarin fuskarta ya daina motsi, bakinta ya karkace, idonta kuma ya ƙi rufuwa ko da tana barci. Dangi sun fi damuwa da bakin, har wasu suka ce shafar iska ce. Likitan ido da ya duba ta a Kano kuwa ya ce idon ne ke cikin haɗari. Jijiya ta 7 daga cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda tiyatar ta taɓa, ita ce ke sarrafa tsokar da ke rufe fatar ido, tsokar da ke ɗaga fatar kuwa jijiya ta 3 ce ke sarrafa ta, saboda haka idan ta 7 ta mutu, ido zai buɗe amma ba zai rufu ba. Mai lafiya yana ƙiftawa kamar sau 15 zuwa 20 a minti, kowace ƙiftawa tana shafa hawaye a kan ƙwayar ido. Wanda ya rasa wannan, musamman cikin ƙurar hunturu, idonsa yakan bushe, ya yi gyambo, har ganin ya tafi.

Wata 8 bayan haka muka kai ta sashen gyaran fuska na wani asibiti a Alƙahira. Abin da na fi yaba musu shi ne zaman farko. An soka mata siririyar allura a tsokokin fuska don a ga ko suna da sauran rai, an ajiye ta a mataki na 6 a ma'aunin shanyewar fuska na House da Brackmann, wato shanyewa gaba ɗaya, sannan likitan ya zauna ya yi mana bayani ba tare da gaggawa ba. Ya ce ciwonta ya bambanta da karkacewar bakin da ke zuwa haka kawai, wadda likitoci ke kira ta Bell, kuma mafi yawan masu ita kan warke da kansu. Ya kuma faɗa mana abin da ba wanda ya faɗa mana a baya: tsokar da ta shafe wata 12 zuwa 18 ba ta samun saƙon jijiya takan ƙanjame har abada, kuma daga nan dashen jijiya kaɗai ba ya amfani. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna watannin da muka yi muna jira ta warke da kanta.

Tun da tushen jijiyarta ta dama ya yanke can kusa da ƙwaƙwalwa, sai aka aro saƙo daga ɓangaren hagu mai lafiya. An zaro wata doguwar jijiya daga bayan ƙafarta, wadda ke bi ta gefen idon sawu, aka haɗa bakinta ɗaya da wani ƙaramin reshen jijiya da ke rufe fatar idon hagu, aka bi da ita ta ƙarƙashin fata zuwa dama, aka ɗinke ƙarƙashin madubin likita da zaren da ya fi gashi siranta. Hikimar ita ce, duk lokacin da idon hagu ya ƙifta, saƙon zai ƙetare zuwa na dama ba tare da ta yi niyya ba. Don bakin kuma aka yi amfani da jijiyar tauna, wadda ta fi ƙarfi da saurin kamawa, sai dai dole mutum ya cije haƙora kafin ta yi aiki, shi ya sa ba ta dace da ƙiftawa ba.

Jijiya tana tsirowa kamar milimita 1 ne a rana, kuma ido ba zai iya jiran watanni ba. Saboda haka a ranar aka saka mata ɗan zinare mai nauyin giram 1.2 a cikin fatar idon ta sama, domin nauyinsa ya riƙa jawo fatar ƙasa. A ganina wannan ƙaramin aikin ne ya ceci ganinta, domin tun makonnin farko jan idon ya ragu.

Gefen bakinta ya fara motsi a wata na 5. Idon kuwa sai kusan shekara muka ga fatarsa tana ɗan motsi tare da ta hagu. Yanzu tana rufe shi idan ta so, amma ƙiftawar ba ta kai ta hagu sauri ba, tana ɗiga maganin hawaye da rana, tana shafa na mai da dare, gefen sawunta kuma ba ya jin taɓi sosai. Likitan ya faɗi duk wannan tun kafin a shiga da ita, don haka ba na ganin an yaudare mu.

Inda suka gaza shi ne bayan sallama. Tafintan da aka ba mu bai san kalmomin likitanci ba, takardar motsa fuska da Larabci aka rubuta ta, kuma lambar WhatsApp da aka ce mu riƙa tura hotuna takan yi mako 2 ba amsa. Aikin da sakamakonsa ke ɗaukar shekara bai kamata a saki mai shi haka ba. Kuɗin gwaje-gwaje da na zinaren ma ba sa cikin lissafin farko da aka turo mana. Da muka dawo, mu da kanmu muka nemo mai gashin jiki da ya san atisayen fuska a gaban madubi, da likitan ido da ke duba ta duk wata 3. Wanda zai kai nasa, ina ba shi shawara ya tanadi waɗannan biyun a gida tun kafin ya sayi tikiti, ya kuma nemi a rubuta masa rahoton tiyatar da Turanci, a bayyana wace jijiya aka haɗa da wace, da nauyin abin da aka saka a fatar idon.