Ƙofar da na zauna da ita shekara biyu ban sani ba

Wani daren hunturu, a shekarata ta biyu a Ingila, maƙwabciyata da ke zaune a hawan ƙasa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta ce ruwa yana zuba daga silin ɗinta daidai saitin banɗakina, har ya jiƙa mata shimfiɗa. Na shiga banɗakin na duba ko'ina ban ga ɗigon ruwa ba, sai dai ina jiyo wata 'yar ƙara a bayan tayil ɗin da ya rufe gefen kwamin wanka. Abin da na tashi na gani shi ne, duk ranar da bututu ya fashe a cikin gini, bango ne yake shan wuya, saboda haka na kira mai gyaran famfo na gaggawa, na kuma ɗauko guduma na riƙe domin kada a ɓata lokaci in ya iso. Da ya shigo ya ga gudumar a hannuna, ya yi mini irin kallon da ake yi wa yaron da aka kama da ashana, ya ce in ajiye ta. Ya durƙusa ya danna kusurwar wani tayil da tafin hannunsa, sai na ji ƙas, tayil huɗu suka taso tare kamar murfin akwati. Ga bututun nan a fili, ga wurin da yake yoyo, ga kuma wani ɗan makunni wanda ya murɗa kaɗan da sukurudireba, ruwan ya tsaya cak.

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. A gaban matar ya tambaye ni inda babban makunnin ruwan gidan yake, na ce ban sani ba. Ya ja ni zuwa kicin, ya buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya zare wani allo da ke can ciki, ya nuna mini shi. Ke nan ruwan da ya shafe fiye da awa guda yana zuba a kan gadon baiwar Allah, da na iya tsayar da shi cikin minti ɗaya in da na san gidan da nake kwana a ciki. Ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nata ya fi mini zafi a kan faɗa.

Washegari na koma na zauna a gaban wannan murfin, na buɗe na rufe ya fi sau ashirin. Firam ne siriri na alminiyon, da allo wanda aka manna masa tayil irin na sauran bangon, da maganaɗisu mai sifirin a kusurwoyin sama, wanda in an danna shi yake turo murfin waje, in an sake dannawa ya riƙe shi. Asirin duka yana cikin ratar da aka bari a gefensa, domin faɗinta ɗaya ne da ratar da ke tsakanin kowane tayil da ɗan uwansa, milimita biyu zuwa uku, kuma layinta ya hau daidai kan layin sauran. Ido ba ya tsayawa a kan abin da ya yi kama da maƙwabcinsa. Shekara biyu ina wanka a gefensa kullum, ban taɓa zargin komai ba.

Daga ranar na shiga kallon gidajen ƙasar nan da wani ido dabam, na kuma gane dalilin da ya sa irin wannan aiki yake da sauƙi a wurinsu. Yawancin bangayen da ke raba ɗakuna a sababbin gidajensu holoƙo ne. Ana tsayar da katakai, ɗaya bayan kowace santimita 40 ko 60, a rufe su ta gaba da ta baya da allon filasta mai kaurin milimita 12.5, a shafe da fenti. Wannan bango na daga cikin abubuwan da suka fi ba ni haushi a zaman nan, domin in mutum ya yi tari a ɗaki guda ana jinsa a ɗayan, in kuma ka kafa ƙusa ka rataya abu mai nauyi a inda babu katako a baya, sai ka wayi gari ka tarar da shi a ƙasa da ɓallin bango a jikinsa. Amma wannan holoƙon shi ne yake ba su wurin ajiya. Tsakanin katako da katako akwai sarari wanda zurfinsa bai kai santimita 10 ba, ya dai isa takardu da ƙananan kaya masu daraja, sai a rufe bakinsa da madubi ko hoton bango mai ɓoyayyen hinji. Haka ma gindin kabad ɗin kicin, inda ake samun allo mai tsayin kusan santimita 15 wanda maƙala shi kawai aka yi, bayansa kuwa fili ne fetal. Ga ƙarƙashin matakalar bene, ga ƙarƙashin katakan daɓe.

Sana'ar ba sabuwa ba ce a ƙasar. A 1585, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, an kafa dokar da ta mai da zaman limaman Katolika da aka naɗa a ƙetare cin amanar ƙasa, saboda haka masu gidaje suka riƙa gina musu maɓoya a cikin bangaye. Wanda ya fi shahara a aikin shi ne wani kafinta mai suna Nicholas Owen, wanda ya mutu a hannun masu azabtarwa a Hasumiyar Landan a 1606 bai faɗi inda ko ɗaya yake ba. Na je wani tsohon gida da ake kira Harvington Hall a yankin Worcestershire, inda irin waɗannan maɓoya guda bakwai suke har yanzu. Akwai wanda ake shigarsa ta hanyar ɗaga takun matakala biyu, akwai kuma wanda ƙofarsa gungumen katako ne a jikin bango, wanda duk mai kallo zai rantse shi ne yake riƙe da ginin, alhali in an tura samansa sai ƙasansa ya buɗe. Na daɗe a tsaye gaban wannan gungumen. Wanda ya ƙera shi ba shi da injin yanka ko maganaɗisu, abin da yake da shi shi ne awo mai kyau, da sanin inda idon mai bincike yake zuwa da inda ba ya zuwa.

Da na tashi yin nawa, sai na ci karo da ɗaya fuskar ƙasar. Ɗan haya ba ya huda bango sai da izinin mai gida a rubuce, in kuwa ya yi gaban kansa, za a cire kuɗin gyara daga abin da ya ajiye lokacin kama gidan. Na rubuta, na jira mako uku, amsa ta zo cewa ba a yarda in taɓa bango ba, amma ina iya amfani da gindin kabad muddin zan mai da shi yadda yake ranar tashi. Kafintan da na nema ya ce ba shi da sarari sai bayan wata biyu, kuma ko leƙowa ya ga aikin ba zai yi kyauta ba. A wannan lokacin na yi kewar gida ƙwarai, inda za ka je da ƙafarka ka sami kafinta a bakin aikinsa, ku gaisa, ka zana masa abin da kake so a kan guntun katako, ya gyaɗa kai ya ce ka dawo jibi. A ƙarshe da hannuna na yi, na haɗa aljihu mara zurfi mai gudu a kan ƙarafa, na manna masa allon gindin a fuska, na sa masa maganaɗisun da ake dannawa da ƙafa.

Kuskurena na farko shi ne zaɓen kabad ɗin da ya jingina da bangon waje. Sanyin waje da ɗumin ciki suna haɗuwa a irin wannan bango su haifi raɓa, kuma wurin da iska ba ta shiga ba ya bushewa. Bayan wata huɗu na buɗe na tarar fumfuna ta yi baƙi a gefen takardun makarantata. Tun daga nan na mai da aljihun jikin bangon ciki, na zuba takardun a leda mai zif tare da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ina kuma dubawa lokaci zuwa lokaci. Na kuma fahimci cewa maɓoya ba ta kare komai daga gobara, sai an saka ƙaramin akwatin ƙarfe a ciki, irin wanda aka gwada yana jure wuta minti 30 ko awa ɗaya.

Abubuwan da suke tona asirin irin wannan wuri kaɗan ne, kuma kullum su ne. Akwai ratar da ta fi ta kewaye faɗi, akwai dattin yatsa da yake taruwa a inda ake yawan dannawa, akwai zanen da ƙofa take bari a daɓe in hinjinta ya saki, akwai amon holoƙo in an ƙwanƙwasa, wanda ake kashewa da ƙarin kaurin allo a bayan murfin. Akwai kuma awon da bai zo daidai ba, kamar kabad mai zurfin santimita 60 daga waje amma 40 daga ciki, abin da ya sa gwanaye ba sa satar wuri mai yawa. Wanda zai yanka bango kuwa, sai ya fara sanin abin da ke bayansa. Ƙa'idar aikin lantarki a nan ita ce waya ta bi miƙaƙƙen layi daga soket ko makunni, sama ko ƙasa ko gefe, ko ta bi cikin santimita 15 daga silin ko kusurwa, saboda haka mutum yana iya kallon bango ya san inda zai kauce wa. Gidan da aka gina kafin 2000 ana taka-tsantsan da shi, domin sai a 1999 aka haramta asbestos gaba ɗaya, wato wani sinadari da a da ake sakawa a kayan gini, kuma ƙurarsa tana lalata huhu. In wurin ya kai girman da yaro zai iya shiga, dole ne ya kasance ana iya buɗe shi ta ciki.

A nan ne zan juyo kanmu, kuma ba don raini ba. Abin da muke yi a gida binnewa ne, muna kiransa ɓoyewa. Mai aikin famfo ya jera bututu, birkila ya bi da siminti, mai tayil ya rufe, kowa ya karɓi haƙƙinsa ya tafi, ba zane, ba hoto, ba wanda ya san ta inda ruwa ya bi. Ranar da ya fashe, a fasa wuri uku kafin a dace, sannan a shiga neman irin tayil ɗin a rasa, a cike gurbin da wani launi. Wayar wuta kuma takan ratsa bango a karkace saboda a rage tsawonta. Kafinta zai yanka ɗanyen katako ya ce idonsa ne awonsa, bayan damina ɗaya murfin ya lanƙwashe ya bar ratar da yatsa zai shiga. Ba rashin iyawa ba ne, domin da idona na ga kabad ɗin da wani tsohon kafinta ya yi wa kawuna da zarto da kurfi kawai, mai gindi biyu, wanda haɗinsa bai gaza abin da na gani a Harvington ba. Har yanzu ina tuna ƙanshin katakonsa. Amma kawun bai gaya wa kowa ba, har Allah ya yi masa rasuwa. Aka yi watanni ana neman takardun filinsa, aka yi ta zargin juna a cikin dangi, sai da aka zo ɗaga kabad ɗin gindinsa ya faɗo, aka tarar gara ta cinye fiye da rabinsu. Wasunmu kuma akasin haka suke yi, a gina musu wurin ajiya da rana tsaka gaban leburori goma, kafin a yi fenti labari ya gama unguwa.

Abin takaicin shi ne bangonmu ya fi nasu dacewa da wannan aiki. Bulo mai inci 9 yana da kaurin da in aka tsallake guda biyu lokacin gini, aka ɗora ɗan lintal a kai, aka toshe bayan, aka shafe cikin da filasta, za a sami alkuki mai zurfin da babu bangon allo a nan da zai iya bayarwa, kuma ba ya amo in an ƙwanƙwasa gefensa. Sharaɗin kawai shi ne a yi tunaninsa tun ana jera bulo, domin sassaƙa shi daga baya yana raunana bango.

Yayana yana gini a yanzu, saboda haka na kira shi na yi masa wannan bayani tun daga daren guduma. Na ce, Yaya, don Allah kada ka bari a rufe bututun banɗaki ba tare da an bar murfi ba. Ya ce ya yi wa birkilansa maganar, ya amsa masa da cewa ba a yin haka, zai ɓata kwalliyar tayil. Na aika masa da firam biyu da maganaɗisunsu ta hannun wani mai tafiya, tare da hoton nawa a rufe da kuma a buɗe, na ce ya nuna wa birkilan na rufen tukuna ya ce ya nemo ƙofar. Ya ce mutumin ya daɗe yana jujjuya wayar kafin ya amince zai gwada. Na kuma roƙe shi ya ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa kafin a yi filasta, alkukin ɗakin kwana kuwa ya bar murfinsa sai ma'aikata sun watse ya kira kafinta ɗaya da ya yarda da shi, sannan ya nuna wa matarsa da babban ɗansa yadda ake buɗewa. Na banɗakin an gama makon jiya, ratarsa ta ɗan fi yadda nake so faɗi a gefen hagu, na ce a sake zaunar da firam ɗin kafin siminti ya gama kamawa.